Gitar cinya: inda arha take ado

Ƴan kasuwa sun ce arha ba ta ado. A fagen kayan kiɗa maganar takan tabbata, domin gita mai arha sau da yawa wuyanta a karkace yake, tsarkiyoyinta suna cin yatsu, har mai koyo ya gaji ya rataye ta a bango. Amma akwai gitar da wannan karin magana bai kama ba. Ita ce wadda ake kwantarwa bisa cinya, a kaɗa ta da ɗan mulmulallen ƙarfe. A Amurka ana ce mata lap steel, Faransawa kuwa suna kiran ta gitar Hawayi.

Tsibiran Hawayi ne mahaifarta. Wajen shekara ta 1889 wani yaro ɗan lakkwal mai suna Joseph Kekuku, wanda aka haifa a 1874 a tsibirin Oahu, ya kwantar da gita bisa cinyarsa, ya ɗaga tsarkiyoyinta, ya riƙa jan ƙarfe a kansu. Sautin da ya fito yana tashi yana sauka ba yankewa, tamkar muryar mawaƙi. Bajekolin duniya da aka yi a San Faransisko a 1915 ya yaɗa kiɗan Hawayi cikin Amurka. A 1932 kamfanin da aka sani da sunan Rickenbacker ya fito da mai aiki da wutar lantarki, wadda aka yi wa laƙabi da kaskon suya saboda siffarta. Daga baya sautin ya shiga waƙoƙin finafinan Indiya, kuma a Nijeriya ƙungiyar King Sunny Adé ta sa ƙanwarta, mai matakan ƙafa, cikin kiɗan juju.

Dalilin da ya sa mai arha take biyan bukata yana cikin ƙirarta. A gita ta yau da kullum yatsa ke danne tsarkiya bisa ƙananan sandunan ƙarfe da ke jere a wuya, don haka kuskure kaɗan daga masassaƙi sai ya ɓata sauti. A gitar cinya tsarkiya ba ta taɓa wuya ko kaɗan. Layukan da ke jikinsa alama ce kawai ga ido. Katako ne miƙaƙƙe, da tsarkiya shida, da mikoro mai maganaɗisu. Shi ya sa waɗanda ake ƙerawa a Sin da rahusa suke isar mai koyo shekaru.

Duk da haka a yi ciniki da ido buɗe. Mai saye ya murɗa kunnuwan ɗaurin tsarkiya ɗaya bayan ɗaya, ya tabbata ba sa kwancewa da kansu. Ya jona gitar a ampili, wato na'urar ƙara sauti, ya saurara ko akwai gurnani. Ya kuma yi lissafi cikakke, domin kuɗin gita ba shi ne ƙarshe ba: akwai ampili, da waya, da ƙarfen hannu, da faratan kaɗawa guda 3 na babban yatsa da biyu na kusa da shi, ga kuɗin sufuri da na duwan idan daga waje za a kawo ta. Wanda albashinsa bai kai nan ba, yana iya bin sawun Kekuku: ya sa ɗan ƙarfen da ke ɗaga tsarkiya a kan tsohuwar gitarsa. Sai dai kada ya tsananta ɗauri, kada wuyan ya lanƙwashe.

Wajen koyo, matakin fari shi ne zaɓen ɗauri guda a tsaya a kansa. Mafi sauƙi shi ne na sol: re, sol, re, sol, si, re, daga tsarkiya mai kauri zuwa siririya. Idan an kaɗa su duka ba tare da ƙarfe ba, sautin sol ne ke fitowa. A gitta ƙarfe a layi na 5, a samu do. A na 7, re. A na 12, sol ta dawo da murya sama. Da waɗannan uku ana raka waƙoƙi masu yawa tun makon farko. Masu son ainihin zaƙin Hawayi sukan koma ga ɗaurin do, mi, sol, la, do, mi.

Wahalar tana wani wuri. Dole ƙarfe ya tsaya daidai bisa layi, ba a bayansa ba, kuma ba a danna shi da ƙarfi. Yatsu biyu na baya suna kwanciya kan tsarkiyoyi don kashe ƙarar da ba a so. In hannu ya goce da faɗin ƙwayar gero, sauti ya kauce, kuma babu abin da zai gyara shi sai kunne, kamar dai yadda mai goge yake laluben muryar gogensa. Wannan kunnen ba a sayar da shi a kanti. Rabin awa kowace rana bayan tashi daga buro ko rufe shago, ana bin waƙa guda sannu a hankali, ta fi gita mai tsada da ke kwance cikin akwati.