Karatun Waje: Shin Digirin Ƙetare Yana Kawo Aiki Kuwa?

Ina gaida mutanenmu na Dinawa, Wurno, Rabah da Goronyo, da duk wanda ke karanta mu daga nesa.

Tambayar da ƙannenmu suka fi turo min a 'yan kwanakin nan ita ce: "Yaya, in na samu hanyar fita waje karatu, in na dawo aiki zai zo da sauƙi?" Ba tambayar wasa ba ce, domin a yankinmu kuɗin karatun waje ba daga banki suke fitowa ba. Daga gonar fadama suke fitowa, daga buhunan albasa da shinkafa, wani lokaci har da shanun gida. Don haka mu zauna mu yi lissafi.

Bari mu fara da China, ƙasar da ta daɗe tana tura ɗalibai masu tarin yawa ƙetare. Tun 1978, lokacin Deng Xiaoping, suka buɗe wannan ƙofa. A farko duk wanda ya dawo da takardar Amurka ko Ingila, kamfanoni rububinsa suke yi. Har suna suka raɗa musu, "haigui", wato wanda ya dawo daga ƙetare, kalmar da furucinta ya yi daidai da na kunkurun teku. Da aka yi shekaru sai wani sunan barkwanci ya fito, "haidai", ciyawar teku, domin furucin ya zo ɗaya da "wanda ya dawo yana jiran aiki".

Me ya canza? Abu uku. Masu dawowa sun yi yawa. Jami'o'in gida irin su Tsinghua da Peking sun yi ƙarfi. Sannan kasuwar aiki ta cushe: a 2023 kaɗai fiye da miliyan 11 suka kammala manyan makarantu a China, kuma a watan Yunin shekarar rashin aikin yi tsakanin matasan birane 'yan shekara 16 zuwa 24 ya kai kashi 21.3 cikin ɗari. Sai masu ɗaukar ma'aikata suka daina tambayar "ka fita waje?" suka koma "wace makaranta, me ka karanta, me ka iya?"

To mu ma nan muka dosa. A da, in aka ce wane ya dawo daga Misira ko Landan, gari guda ake zuwa yi masa sannu da zuwa. Yanzu kuwa jihohi sun tura ɗaruruwa. Kano a zamanin Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015, ta fara da rukunin ɗalibai 501. Sakkwato ma ta tura nata, wasu kuma iyayensu ne suka biya musu zuwa Sudan, Indiya, Uganda, Cyprus, ko nan Maraɗi. Abin da ya yi yawa kuwa, kun san farashinsa faɗuwa yake yi, ko albasa ce a lokacin kaka.

Ga abin da ba a cika gaya wa yaro kafin ya hau jirgi ba: takardar waje ba ta aiki a Najeriya sai ta bi ta wasu ƙofofi.

Ƙofar farko, tantancewa. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ke duba ko an amince da makarantarka, kuma sai ka tsallake wannan kafin NYSC ta karɓe ka. Ba takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, ba aikin gwamnati. A Disamban 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida. Farkon Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, daga baya ta ce jami'o'i takwas kacal ta amince da su a ƙasashen biyu. Har wanda ya yi karatun gaskiya a can sai da ƙurar ta shafe shi.

Ƙofa ta biyu, hukumomin sana'a. Likitan da ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa majinyaci. Mai digirin lauya na waje sai ya yi wani zango na musamman a Makarantar Horar da Lauyoyi kafin ya haɗu da 'yan gida. Masu ilimin haɗa magunguna ma suna da nasu horon. Wannan lokaci ne da kuɗi, kuma ba kowa ke ci a karon farko ba.

Sai kuma abin da ba a hannunka yake ba. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Kuɗin makaranta dala 3,000 ya tashi daga ƙasa da naira miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan huɗu da rabi. Yaƙin Yukren a 2022 da na Sudan a Afrilun 2023 sun dawo da ɗalibanmu gida karatu a rabi.

Kada wani ya ce na hana shi tafiya. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma akwai inda karatun waje ke biya sosai. In fannin ba shi da ƙarfi a gida, in makarantar tana da suna da kayan aiki, in kuma tallafi ka samu kamar na PTDF, ba gonar baba aka sayar ba, to bismillah. Ni a nawa ganin, ya fi sauƙi ka yi digirin farko a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato, ka fita da sakamako mai kyau, sannan ka nemi tallafin digiri na biyu a waje. Shekara ɗaya ko biyu ne, kuma kana da takardar gida da ba mai tuhumarta.

Sannan ka dubi abin da yankinka ke nema. Muna da madatsar ruwa ta Goronyo, muna da fadamar Rima, albasa na ruɓewa duk shekara saboda rashin ma'aji mai kyau. Wanda ya dawo da ilimin noman rani, ko adana amfanin gona, ko haɗa wutar sola, ba sai ya bi layin sakatariya da fayil a hammata ba. Wanda ya iya Sinanci ko Larabci ko Faransanci da gaske, 'yan kasuwa da kamfanoni na nemansa.

Don haka kafin a sayar da ko akuya, ku zauna da baba ku amsa tambayoyi huɗu. Gwamnatin Najeriya ta amince da makarantar, kuma kun tabbatar da kanku, ba daga bakin dillali ba? Wace jarrabawa ke jiranka in ka dawo? In dala ta sake tashi, wa zai biya shekarar ƙarshe? Kuma wa zai ɗauke ka aiki da wannan fannin?

In amsa huɗun sun tsaya da ƙafafunsu, Allah ya kiyaye hanya. In ɗaya ta gurgunce, a dakata a sake shawara.

Ku da kuka yi karatu a waje kuka dawo, ku faɗa mana yadda ta kaya, ƙannenmu su amfana. Ku kuma tura wa wanda kuka san yana shirin tafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Na bar ku lafiya.