An Tafa, An Watse, Wa Zai Biya Ɗan Wasa?

 Gaisuwa ta musamman ga 'yan uwa na Gadarif, can gabashin Sudan, ƙasar riɗi da dawa, inda Hausawa suka kafa unguwanni tun zamanin da ake tafiya Makka a ƙasa. Yau zancen wasan kwaikwayo za mu yi, ta ɓangaren aljihu. In an gama wasa, an tafa, an watse, wa ke biyan ɗan wasa?

A Sudan gwamnati da gini ta fara. A 1959, zamanin Janar Ibrahim Abbud, aka buɗe babban gidan wasa na ƙasa a Umdurman, bakin kogin Nilu, maƙwabcin gidan rediyo. Mawaƙa da baƙin ƙungiyoyi daga waje su suka fi cin moriyarsa da farko, sai a 1967 Alfaki Abdurrahman ya tsara kakar wasanni ta kowace shekara da kuɗin hukuma. A 1969 aka kafa makarantar koyon kiɗa da wasan kwaikwayo. Duk wannan a babban birni. Yaron Gadarif mai sha'awar sana'ar sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 400 kafin ya ga inda ake koyarwa. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya juya akalar tafiyar: mutanen Hartum da Madani ne suka kwararo Gadarif, makarantu suka koma masaukin 'yan gudun hijira. A irin wannan hali wa zai tunkari gwamnati da maganar kuɗin dandali?

To, ku biyo ni Nijar, don can ne labarin ya fi jan hankalina.

Saini Kunce ya ƙwace mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ya farfaɗo da ƙungiyoyin matasa na Samariya, sannan a 1976 aka fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram. A wancan zamani, kowace shekara wata jiha ce ke karɓar baƙi. Ku ji yadda abin yake tafiya a lokacin. Ana fara gasa tun daga ƙasa, ƙungiyar wannan gari ta kara da ta wancan, wadda ta ci ta haura matakin jiha, ta jiha ta tafi ta ƙasa. Mota ta gwamnati, abinci na gwamnati, masauki na gwamnati. Rediyo ya ɗauka, daga baya talabijin ya nuna. Kuɗin yuraniyom na Arlit na shigowa a lokacin, hannu a sake yake.

Abin da ya fi burge ni shi ne yawancin wasannin nan ba a rubuce suke ba. 'Yan ƙungiya su zauna da yamma, su tsara ƙashin labarin, kowa ya san halin wanda zai kwaikwaya, sauran magana a baki take. Alhaji mai rowa, akawu mai cin hanci, uwar amarya mai tsawwala kayan aure, ɗan cin-rani da ya dawo hannu rabbana. A haka Yazi Dogo ya yi suna, har a Katsina da Daura ana kama shirin ƙungiyarsa ana dariya. Kuma Yazi Dogo malamin makaranta ne. Ku riƙe wannan: malamin makaranta. Abokan wasansa ma haka, malamai, ma'aikatan ofis, masu sana'ar hannu. Gwamnati ta biya kuɗin biki, ta biya kuɗin mota, amma wasa bai zama sana'ar da mutum zai ci da iyalinsa da ita ba.

Kuma kada mu yaudari kanmu, soja ba ya kashe kuɗi a banza. An bar 'yan wasa su caccaki ƙaramin ma'aikaci mai karɓar na goro, abin da Kunce kansa yake yaƙa. Tsokanar wanda ke saman kujera kuwa, wannan kowa ya san iyakarsa. Da farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, Kunce kuma ya rasu a 1987, sai bikin ya yi ta ja da baya.

A arewacin Nijeriya tallafin ta hanyar albashi ya biyo. Marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, ma'aikacin gidan rediyon Kaduna ne, tsohon soja, wanda ya mayar da rayuwar bariki abin dariya. Ƙarshen wata yana da abin karɓa, ko an yi wasa mai kyau ko ba a yi ba. Kasimu Yero na Karambana a talabijin ɗin gwamnati ya yi tashe, haka ma shirin Kuliya Manta Sabo a Kano. Ni a ganina wannan ya fi biki amfani, domin mutum ya samu shekaru yana goge sana'arsa. Amma bayan tsuke bakin aljihu na 1986, gidajen talabijin suka fara cewa mai shiri ya zo da kamfanin da zai ɗauki nauyi. Ƙungiyoyin wasa suka nemi mafita a kasuwa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan dandali ya fara rasa mutanensa.

Lokaci na hararar mu, sai mu taƙaita. Nijeriya ta fitar da manufar al'adu a 1988, ta yi dokar asusun tallafa wa masu fasaha a 1991, asusun da masu sana'ar suka shafe shekaru suna kokawa cewa a takarda kawai yake. Babban gidan wasa na Iganmu a Legas, wanda aka gina don bikin Festak na 1977, ya lalace har sai da aka miƙa gyaransa ga bankuna a 2020. Na so mu leƙa Zariya, mu ga ɗakin wasan da aka gina da jar ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello, da yadda ɗalibai suka riƙa kai wasa ga manoman Soba, amma mai kula da na'ura ya ɗaga mini hannu. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.