Shelar Ilmi da Baitulmalin da Ke Ɗauke da Ita

Duk sanarwar da mutum ya ji a rediyo ana kiran iyaye su kai 'ya'yansu makaranta, kafin ta iso kunnensa sai da ta bi ta ofisoshi da dama, aka ƙiyasta kuɗinta, aka yi jayayya a kansa, wani ya sa hannu ya ɗauki alhakin kashe shi. Ma'aikatar Ilmi ba ta da ikon taɓa ko kwabo sai abin da ta rubuta cikin ƙiyasinta na shekara, Ma'aikatar Kuɗi ta tace, Majalisa ta amince. Kuma ko bayan amincewar, sai an saki kuɗin a hannu, sa'an nan babban sakatare, wanda shi ne mai amsa tambayar masu binciken kuɗi, ya ba da izni a sayi lokaci a gidan rediyo ko a buga takardu. Tsakanin amincewa da saki kuwa, nan ne kyawawan niyyoyi da yawa suka kwanta dama.

Ƙasar Arewa ta ga wannan al'amari a aikace tun zamanin Turawa. Bayan jawabin da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi a Majalisar Arewa cikin 1950, inda ya nemi a gyara mulkin En'e, hukuma ta lura cewa gyara ba zai yi tasiri ba matuƙar talaka bai iya karanta takardar harajinsa ba, sai aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci. Hikimar da aka yi ita ce raba ɗawainiya: gwamnatin Arewa da ke Kaduna ta ɗauki tsari da jami'an duba aiki, En'e kuwa, da yake ita ke da hakimai da dagatai da masu unguwanni, ta ɗauki tara jama'a da kula da azuzuwa, ana ba malamin da ke koyarwa da yamma ɗan abin hasafi. Sankira ya yi shela a kasuwa, motar majigi ta sauka ƙofar fada da dare, amma waɗannan duka kira ne kurum.

Abin da ya fi cin kuɗi, kuma a ganina ya fi nuna basirar mutanen wancan lokaci, shi ne tanadar wa wanda ya koyi baƙi da wasali abin da zai karanta, domin karatun da ba a maimaita shi ba ya kan gudu cikin damina ɗaya. Saboda haka aka kafa hukumar NORLA a Zariya, ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha, da boko da ajami, tare da jaridun larduna: Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zazzau, Albishir ta Barno. Sai dai littafin da aka sayar ƙasa da kuɗin bugunsa dole wani ya cike giɓin, kuma da cikewar ta yi nauyi, aka rufe NORLA a 1959, kayanta suka koma hannun Kamfanin Gaskiya.

A 1976 kuwa sai aka ga akasin haka. Gwamnatin Janar Obasanjo, da kuɗin man fetur a hannu, ta yi shelar ilmin firamare kyauta, shelar ta karɓu fiye da zato, har yara kimanin miliyan 3 suka hallara alhali an yi tanadin miliyan 2.3, aka rasa azuzuwa da horarrun malamai, aka zauna gindin itatuwa. Wanda aka kira ya amsa ya tarar ba a shirya masa ba, da wuya a sake samun kunnensa da sauƙi.

Tsarin yau ya fi wancan ƙa'ida a rubuce. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta keɓe kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC, wadda wayar da kan jama'a na cikin ayyukanta. Haka nan Hukumar Ilmin Makiyaya, da aka kafa a 1989, ta daɗe tana isar da saƙonta ruga-ruga ta Rediyon Kaduna. Wani sashe na ɗawainiyar kuma ya kan fito daga irin su UNICEF da Bankin Duniya, waɗanda kuɗinsu na da wa'adi, shela ta kan tsaya ranar da wa'adin ya cika. Amma sharaɗin babban tallafin UBEC shi ne jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za a ba ta, kuma shekara da shekaru ana samun jihohin da ba su ajiye ba, biliyoyin naira na zaune a Abuja, alhali a gidajen rediyon waɗannan jihohi ba a fasa kiran iyaye su kawo yara ba.