Obamacare: Me ya sa 'yan Republican suka kasa soke dokar inshorar lafiyar Amurka?

Tun ranar 23 ga Maris, 2010 da Shugaba Barack Obama ya sanya hannu kan dokar inshorar lafiya da ake yi wa laƙabi da Obamacare, jam'iyyar Republican ta sha alwashin soke ta da maye gurbinta da wata. Sau biyu jam'iyyar ta haɗa fadar White House da majalisun dokoki biyu a hannunta, a 2017 da 2025, amma har yau dokar na nan daram.

Rigimar ta samo asali ne tun daga haihuwar dokar. Majalisar Dattawa ta amince da ita da ƙuri'a 60 da 39, ta Wakilai kuma 219 da 212, ba tare da ƙuri'ar ɗan Republican ko ɗaya ba.

Kafin zuwanta, kamfanin inshora na iya ƙin karɓar mai ciwon suga ko ciwon daji, ko ya tsawwala masa kuɗi. Dokar ta haramta hakan. Ta kuma wajabta wa kusan kowa mallakar inshora ko ya biya tara, sannan ta tanadi tallafin gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, tare da faɗaɗa Medicaid, shirin kula da lafiyar talakawa.

Waɗanda suka tsara ta sun ɗauki waɗannan tanade-tanade kamar duwatsun murhu. Idan aka tilasta wa kamfanoni karɓar marasa lafiya, dole a shigo da masu lafiya domin a raba nauyin. Idan kuma aka tilasta wa mutane saye, dole a taimaka wa wanda ba shi da hali.

'Yan Republican na ganin gwamnatin tarayya ta wuce gona da iri da ta tilasta wa ɗan ƙasa sayen abin da bai nema ba. Suna kuma nuni da yadda kuɗin inshora ya tashi ga waɗanda ba sa samun tallafi, da alƙawarin Obama cewa kowa zai iya riƙe tsohuwar inshorarsa, wanda bai cika ga miliyoyin mutane ba a 2013.

'Yan Democrat kuwa alƙaluma suke kafa hujja da su: marasa inshora sun ragu daga kusan kashi 16 cikin 100 a 2010 zuwa kusan kashi 8 a 2023.

Lokacin da Obama ke mulki, kaɗa ƙuri'ar sokewa ba shi da wahala, domin kowa ya san ba zai sanya hannu ba. Majalisar Wakilai ta yi hakan fiye da sau 50, ko dai don soke dokar ko don rage mata ƙarfi. Da Donald Trump ya hau mulki a 2017 sai aka zo kan batun abin da za a maye gurbinta da shi, a nan ne kan jam'iyyar ya rabu.

Masu tsattsauran ra'ayi sun so a tumɓuke ta baki ɗaya, yayin da sanatocin jihohin da suka ci moriyar faɗaɗa Medicaid suka ji tsoron fushin masu zaɓe. Majalisar Wakilai ta zartar da nata ƙudurin da ƙyar a watan Mayu, da ƙuri'a 217 da 213, sai ofishin kasafin kuɗi na majalisa ya yi hasashen cewa zai ƙara yawan marasa inshora da mutum miliyan 23 zuwa 2026.

A daren 28 ga Yuli, 2017 yunƙurin ya faɗi a Majalisar Dattawa da ƙuri'a 51 da 49, bayan 'yan Republican uku, Susan Collins da Lisa Murkowski da John McCain, sun juya wa jam'iyyarsu baya.

A Disambar shekarar aka cire tarar rashin inshora ta cikin dokar haraji. An zare dutse ɗaya, amma tukunyar ba ta kife ba, saboda tallafin gwamnati ya ci gaba da jawo mutane. Hatta a jihohin da Republican ke da rinjaye, kamar Idaho da Utah da Missouri da Oklahoma, jama'a da kansu suka zaɓi faɗaɗa Medicaid a ƙuri'ar raba gardama. Kotun Ƙoli ma ta ƙi rusa dokar a 2012 da 2015 da 2021.

Daga nan faɗan ya koma kan kuɗi. Ƙarin tallafin da aka fara a 2021 zamanin Joe Biden ya taimaka wajen kai masu sayen inshora a ƙarƙashin dokar kusan miliyan 24 a 2025. Taƙaddamar tsawaita wa'adinsa ce ta kai ga rufe ayyukan gwamnati na kwana 43 daga 1 ga Oktoba, 2025, mafi tsawo a tarihin ƙasar zuwa lokacin.

Yanzu da wuya a ji ɗan siyasa yana neman a dawo wa kamfanoni da ikon korar marasa lafiya. Abin da ɓangarorin biyu suka kasa sasantawa a kai shi ne wanda zai biya kuɗin jinyarsu: mai biyan haraji ko mai sayen inshora.