Itacen wuta: birni na jin ɗumi, daji na ƙarewa

Da zarar hunturu ya kama, daga watan Disamba zuwa Janairu, kuɗin itace sai ya hau a Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram. Ban da na sanwa, ana bukatar na ɗumama ruwan wanka da na jin ɗumi da asuba. Har yau mafi yawan gidajen Nijar da itace suke hura wuta.

Itacen da ake ƙonawa a Yamai, galibinsa daga dazuzzukan Sayi da Torodi manyan motoci ke kwaso shi: sabara, geza da tsiriri. Maraɗi kuwa ta daɗe tana dogara ga dajin Baban Rafi. In an sare waɗannan itatuwa ba a bar su sun sake tohowa ba, ƙasa na zama fako. Ruwan sama ya gudu bai shiga ba, iska ta kwashe abin da ya saura, manomi da makiyayi su rasa tudun dafawa.

Hukuma ta yi yunƙuri. A 1984 aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. A 1992 doka mai lamba 92-037 ta kafa kasuwannin itace na karkara: mazauna ƙauye ne ke sara bisa ƙa'ida su sayar, su kuma riƙe wani kaso na haraji, wanda ya yi sara barkatai kuwa ya biya haraji mai tsanani. Tsari ne mai kyau a takarda, amma inda babu ma'aikatan gandun daji masu sa ido, gatari ba ya tambayar iyaka.

Murhun Mai Sauƙi na rage cin itace. Akwai gawayin ƙasa na Anu Araran, kuma tun 2011 matatar SORAZ ta Damagaram ke fitar da gaz. Sai dai talaka na sayen itace ƙulli-ƙulli gwargwadon aljihunsa, ita kuwa butar gaz kuɗinta a dunƙule ake biya.

Abin da ya fi tasiri daga gonaki ya fito. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma ana yi masa aski. An ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo da haka, kuma rassan da ake askewa su ne uwargida ke sawa a murhu.