Ɗan Lissafin Da Ke Tsare Gida Daga Gobarar Lantarki

Da zarar hunturu ya sauka a Potiskum, sai ka ga an fito da hita ana tsoma ta cikin bokiti don ɗumama ruwan wanka. Sau da yawa soket guda ne ke ɗauke da ita, tare da dutsen guga da firji. In waya ta kama da wuta sai a ce tsautsayi ne. Tsautsayi gaskiya ne, amma akwai wani ɗan lissafi wanda in maigida ya san shi zai kauce wa hasara mai yawa.

Mai karatu ya ɗauki wayar lantarki tamkar bututun famfo. Ƙarfin da ke tura wutar, kamar matsin ruwa, ana auna shi da bolt. Yawan wutar da ke gudana kuwa da amfiya ake auna shi. Ƙuncin bututun, watau turjiyar da wutar ke gamuwa da ita, ma'auninta shi ne om, daga sunan Georg Ohm, masanin nan na Jamus wanda ya bayyana wannan ƙa'ida a shekarar 1827. In ka raba bolt da amfiya ka sami om. In kuwa ka ninka bolt da amfiya ka sami wat, watau yawan wutar da abu ke ci.

Ƙa'idar wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, kuma ita ce ya kamata ta iso gidajen Potiskum daga Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Yola, wanda Jihar Yobe ke cikin yankinsa. To, dutsen guga mai wat 1,000, in aka raba da 230, yana jan amfiya 4.3, turjiyarsa kuwa om 53 ce. Hita mai wat 2,000 tana jan amfiya 8.7. In aka haɗa su an kai amfiya 13 ke nan, kuma nan ne iyakar filogi mai ƙafa uku da aka saba da shi. Duk abin da aka ƙara, nauyi ne da ya fi ƙarfin jaki.

Babban hatsarin shi ne, in wutar da ke bi ta cikin waya ta ninka biyu, zafin wayar ninki huɗu yake yi. Siririyar waya mai araha ta fi kaura turjiya, saboda haka ta fi saurin narkewa. Aikin fiyus shi ne ya tsinke kafin a kai ga haka. Wanda ya ɗaura zaren tagulla a gurbin fiyus, ya kori maigadin gidansa ne da hannunsa.

Haka kuma in wuta ta zo da rauni, a ce bolt 160, dutsen gugan nan amfiya 3 kaɗai zai ja, wat 480 ke nan, ƙasa da rabin ƙarfinsa. Shi ba zai lalace ba. Amma injin firji da na rijiyar burtsatse ƙarin wuta suke ja don cike giɓin, har su yi zafi su ƙone. Gara a kashe su har wutar ta daidaita.

Kusan kowane kayan lantarki na ɗauke da tambarin wat a jikinsa. Ya kamata maigida da mai shago su duba, su tara, su raba da 230. In jimla ta haura 13, to, a rage wa soket ɗin kaya, ko a kira ma'aikacin da ya san aikinsa.