Ko Kun Sani?

Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince a noma waken da aka sauya wa ƙwayar halitta. A 2019 aka fitar da shi da sunan SAMPEA 20-T, daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya. Masana sun ciro ƙwayar gado daga wata bakteriya mai zama cikin ƙasa suka dasa masa, sai ga wake yana kashe tsutsar maruka, mai huda fure da kwanso, da kansa. Manomin da ya saba feshi sau 6 zuwa 8, yanzu sau 2 ya ishe shi. Ƙwaron rumbu kam, ba ruwansa: yana nan yana jiran girbi.